KAFIN SUNA YA FITO: ABIN DA WANI BUHUN KASET YA KOYA MANA A DUTSIN-MA

 

Abin da ya tayar da maganar yau shi ne zancen da wata 'yar'uwa ta yi a cikinmu kwanakin baya. Ta ce ta goge labarinta na farko daga waya, babi goma sha bakwai cur, domin da ta koma ta karanta sai kunya ta rufe ta. Mutane da yawa suka yi mata dariyar zumunci, wasu suka ce su ma haka suka yi, wani ɗan'uwa ma ya ce shi ashana ya ƙyasta wa littattafan rubutunsa uku na sakandare. Mu dai dariyar ba ta zo mana ba. Zancen ya tuna mana da wani buhun kaset da muka taɓa samu muna samari, da abin da muka tsinta a cikinsa, da kuma yadda muka yi sakaci ya salwanta.

Mun san a cikinmu akwai waɗanda ba su sauraron kiɗa, kuma muna girmama ra'ayinsu. Su yi haƙuri su bi mu a hankali, domin inda za mu sauka kan alƙalami ne da takarda.

SHAGON BABA MAI REDIYO

A farkon shekarun 1990 ne. Jihar Katsina tana jaririya, don a 1987 aka ƙirƙiro ta. Dutsin-Ma a lokacin ba ta san hayaniyar 'yan jami'a ba, sai a 2011 Jami'ar Tarayya ta zo. Garin yakan cika ne ranar Laraba, ranar kasuwa, idan motoci sun sauko da mutanen Kurfi da Safana da ƙauyukan da ke bakin dam ɗin Zobe. Mu huɗu ne, 'yan aji ɗaya a sakandare, kuma matattararmu wani ɗan shago ne kusa da tasha, na wani dattijo mai gyaran rediyo da rikoda. Kowa Baba yake ce masa, mu ma haka muke kiransa.

A wurinsa muka koyi hidimar kaset. Idan rikoda ta cinye zare, a zaro shi a hankali, a sa biro a ramin a naɗe. Idan ya tsinke, a haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce. Idan murya ta dusashe, a goge kan rikodar da auduga da sifirit. Ba a mayar da kaset baya da batir, wannan almubazzaranci ne, da biro ake juya shi har hannu ya gaji.

Wata rana muka tarar da wani ƙaramin buhu a ƙarƙashin bencinsa. Wani ɗan hidimar ƙasa ne daga kudu da ya koyar a garin ya bar masa a madadin kuɗin gyara, ya kama hanyar gida.

"Samari, ku duba tarkacen nan ko akwai abin da zai yi muku. Ni dai ban ga mai sayensu ba," in ji Baba.

"Baba, nawa za mu bayar?"

"Ku kawo batir huɗu, ku ji a nan, ku mayar mini da kayana."

A cikin buhun akwai wani kaset da aka rubuta wa Genesis da jan biro. Ɗaya daga cikinmu ya yi tsalle, ya ce yayansa da ke karatu a Zariya ya gaya masa ƙungiyar Phil Collins ke nan. A wancan zamani babu mai rikodar da bai san muryar Phil Collins ba, ko a motar haya za ka ji shi, ko a shagon aski. Muka zauna muna jiran waƙar soyayya ta minti huɗu mai amshin da za a iya bi.

Abin da ya fito daban ne. Da farko ma muryar ba tasa ba ce. Jita ta fara a hankali kamar mai lallashin yaro, sai sarewa ta shigo, sai ogan ya ɗauka, sai komai ya tsaya cik, sai kuma ya ɓarke da wani salo kamar an canza kaset. Can wajen ƙarshe aka shiga wani bugu da muka yi ta ƙoƙarin tafa masa hannu muka kasa, kullum sai ya zarce mu da taki ɗaya. Minti goma ya wuce, sha biyar ya wuce, waƙa ɗaya ba ta ƙare ba. Wani a cikinmu ya miƙa hannu zai kashe, ya ce ana ɓarnar batir.

Baba yana riƙe da ƙarfen liƙi, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Kai yaro, bar shi. Mutumin nan bai gama maganarsa ba. Ku da kuke zama Shata ya kwashe rabin awa yana abu ɗaya ba ku ce uffan ba? Wannan ai Bakandamiyarsu ce."

Baba bai jin Turanci ko kalma goma. Amma ya ji abin da mu 'yan boko ba mu ji ba: cewa waƙar gini ce mai ɗakuna, ana fita daga wannan a shiga wancan, kuma mai ginin ya san inda ƙofar fita take. Da ta kai ƙarshe sai muka ji sautin da aka buɗe da shi ya dawo, ya ƙara girma. Muka kalli juna. Muka sa biro muka mayar da ita farko.

ABIN DA MUKA SANI DAGA BAYA

Sai bayan shekaru, da intanet ta zo, muka san sunan abin da muka ji. Faifan Foxtrot ne na 1972, waƙar kuma Supper's Ready, mai tsawon kusan minti 23, wadda ta kusa cinye fuska guda ta faifai ita kaɗai. Mai rerawa Peter Gabriel ne. Phil Collins yana nan a ciki, amma a baya yake zaune yana kaɗa ganguna. A 1970 ya shiga ƙungiyar a matsayin makaɗi, kuma bai zama jagoran rerawa ba sai bayan Gabriel ya fita a 1975. Bugun da ya gagare mu tafi kuwa, tara-tara ake ƙirga shi maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba.

Irin wannan kiɗa Turawa ke kira furogiresif rok, mu kuwa a tsakaninmu rok mai dogon zango muke ce masa. Ya yi tashe a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, a hannun ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Pink Floyd da Genesis ɗin. Abin da ya bambanta shi shi ne masu yin sa sun ƙi yarda a ce dole waƙa ta tsaya a minti uku. Suna ɗaukar faifai kamar littafi, waƙoƙin ciki kamar babi-babi.

Da muka ci gaba da tono sai muka kai ga faifansu na fari, From Genesis to Revelation, na 1969. Yara ne 'yan makaranta suka yi shi, a lokacin hutu aka ɗauki yawancinsa. Bangonsa baƙi ne, ga suna mai kama da na littafin coci, sai masu shaguna suka riƙa jera shi a sashen waƙoƙin addini. Bai yi kasuwa ba ko kaɗan. Mun saurare shi, kuma gaskiya ɗaya ce, bai kama ƙafar Foxtrot ba. Waƙoƙin gajeru ne, a wasu wuraren kana jin yaran suna kwaikwayon Bee Gees domin su burge wanda ya ɗauki nauyinsu. Amma a can ƙasa, jefi-jefi, za ka ji ƙwayar abin da zai tsiro bayan shekara uku. A ranar muka fahimci cewa waɗanda suka gina waccan doguwar waƙa su ma sun taɓa yin rarrafe.

SHATAN DA BA MU SANI BA

Mu koma shagon Baba. Da ya ga mun nace wa kaset ɗin Turawa, wata Laraba da yamma bayan kasuwa ta watse sai ya jawo wata akwatin ƙarfe tasa ta kansa.

"Tunda tsofaffin kaya kuke so, ku zo ku ji naku," ya ce.

Kaset ne da wani ya ɗauko daga tsofaffin fayafayai, ana jin ƙarar allura tana shhh a bayan kiɗan. Muka ji kalangu, muka ji amshi, sai wata murya siririya mai sauri ta shigo. Baba ya tambaye mu ko wane ne. Muka yi ta canka ba mu dace ba. Ya yi dariya ya ce Shata ne.

Mu Shatan da muka sani shi ne Dakta Mamman Shata na Rediyon Kaduna, mai murya cikakkiya, wanda ba ya gaggawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Wannan na cikin akwatin kuwa kamar ana korarsa. Kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare, wata ta kama. Baba ya bayyana mana dalili: faifan garmaho na da, fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a dandali dole ya matse maganarsa ta shiga wannan ɗan fili. Da babban faifai ya zo, fuska ɗaya ta koma ɗaukar minti ashirin da 'yan kai. Da kaset ya zo, fuska ɗaya ta kai minti 30 ko 45. Mazubi yana faɗaɗa, waƙa tana miƙe ƙafa.

Wannan darasi bai bar mu ba har yau. Tsawon waccan waƙa ta Genesis daidai yake da abin da fuskar faifai za ta iya ɗauka. Gajartar waƙoƙin farko na mawaƙanmu daidai take da abin da garmaho zai iya ɗauka. Mu ma da ke rubutu a yau, fuskar waya ce ke yanka mana babi, ita ke sa mu tsaya a inda za a ce "a ci gaba don Allah". Babu laifi a cikin hakan, sai dai ya kamata marubuci ya san wane yanki na salonsa ne zaɓinsa, wane ne kuma mazubi ya tilasta masa. Wanda bai taɓa jin aikin da aka yi a wani mazubi daban ba, zai ɗauka yadda ake yi yanzu haka Allah Ya halicci rubutu.

Shata ɗan Musawa ne, nan kusa da mu, an haife shi a 1923, ya rasu a 1999, aka rufe shi a Daura. Duk da wannan kusanci, sai da wani mai gyaran rediyo ya buɗe akwati kafin muka san cewa gwanin da muke ji ya taɓa zama saurayi mai neman hanya.

ME AIKIN FARI KE KOYARWA?

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: mai koyon rubutu ya fi ƙaruwa da aikin farko na gwani fiye da shahararren aikinsa. Ga dalilanmu.

Na ɗaya, a aikin fari ɗinki yana waje. Idan ka ɗauki babbar riga daga hannun ƙwararren maɗinki, ba za ka ga inda allura ta bi ba, sai dai ka yaba ka wuce. Amma rigar da ya ɗinka yana yaron shago, za ka ga inda ya haɗa, inda ya warware ya sake, inda ya kwaikwayi maigidansa. A nan ake koyo. Ku ɗauki Abubakar Imam. Yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Mai karatu da lura zai ga yadda ya ɗebo daga labaran Larabawa da ya karanta, ya sa musu riga da hula irin tamu, ya jera su a kan igiya ɗaya ta tafiyar mutum guda. Bayan 'yan shekaru ya yi Magana Jari Ce, inda wannan dabara ta aro da sarrafawa ta nuna har ba ka ganin bakin zaren. Wanda ya karanta na biyun kawai zai ce baiwa ce. Wanda ya jera su biyun zai ga aiki, kuma aiki shi ne abin da za a iya koya.

Na biyu, a aikin fari da ayyukan da aka tsallake akwai hanyoyin da ba a bi ba. Waccan gasa ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mutum nawa ne a wannan zaure suka taɓa riƙe Idon Matambayi? Manhajar makaranta ta zaɓi wasu ta bar wasu, mu kuma muka bi ta kamar raƙumi da akala. Alhali marubucin da ke kukan cewa duk labarai sun zama iri ɗaya, wataƙila maganin ciwonsa yana cikin littafin da kowa ya wuce. Idan dukanmu rijiya ɗaya muke ɗiba, ba abin mamaki ba ne ruwan randunanmu ya zama ɗanɗano ɗaya.

Na uku, aikin fari yana kashe girman kai, yana kuma kashe yanke ƙauna, cututtuka biyun da suka fi kama sabon marubuci. Mai ganin ya iso, idan ya ga tazarar da ke tsakanin farkon gwani da ƙarshensa, zai san tafiya na gaba. Mai ganin ba zai taɓa iyawa ba, idan ya ga gwani ma ya yi tuntuɓe, zai tashi ya kakkaɓe. Da yawanmu mun san Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina na 1982, amma kafin shi akwai Mallakin Zuciyata na 1980. Mun san Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, amma kafin shi akwai Budurwar Zuciya na 1987. Ku nemo su ku jera, ku karanta da fensir a hannu, ku ga me marubucin ya riƙe, me ya yar, me ya ƙara.

AMMA FA...

Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗa, ba kowane tsohon abu ne zinariya ba. Akwai masu son tsohon kaya don kawai su nuna sun san abin da wasu ba su sani ba. Za ka ji mutum yana cewa shi ai tun kafin wane ya shahara yake jin sa, kuma tun da ya shahara ya lalace. Wannan fankama ce, ba mu tare da ita. Mun riga mun faɗa, faifan farko na Genesis bai kai na bayansa ba, kuma sau da yawa shahararren aiki ya cancanci shahararsa. Haka nan mun san ƙuruciya tana yi wa kunne kwalliya. Wani ɓangare na daɗin da muke tunawa, daɗin zama ne a bencin Baba muna 'yan shekara sha bakwai, babu abin da ya dame mu sai kuɗin batir.

Za a kuma ce marubuci yana da haƙƙin ɓoye abin da yake jin kunyarsa. Haka ne. Ba mu ce 'yar'uwarmu ta watsa babi goma sha bakwai ɗin nan ga duniya ba. Sai dai ɓoyewa daban, hallakarwa daban. Abin da ka ɓoye, kai da kanka za ka iya komawa gare shi bayan shekara goma da wani ido. Abin da ka ƙona, ka yanke wa wanda za ka zama nan gaba hukunci ba tare da ka ji ta bakinsa ba. Kunyar da kake ji yau idan ka karanta aikin bara, ita ce shaidar ka yi gaba. To don me za ka rushe alamar da ke nuna maka nisan da ka yi?

YADDA MUKA YI ASARA

Mun bar garin, kowa ya kama gabansa. Zamanin kaset ya wuce, faifan CD ya zo ya tafi, memori ya karɓe. Shekaru muna cewa wata rana za mu koma mu karɓi akwatin Baba mu juye abin da ke ciki. Da muka tashi zuwa, Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Shagon ya koma wurin cajin waya. Iyalinsa suka nuna mana inda aka ajiye kayan, a wani ɗaki mai yoyo. Damina da gara sun gama da su. Zaren ya manne, takardun da aka rubuta sunaye sun zama ƙasa. Ba laifin kowa ba ne sai namu, mu da muka san darajar abin muka yi ta jinkiri.

Na Turawan bai dame mu ba, don duk abin da ke cikin buhun ɗan hidimar ƙasa yana nan a intanet, an adana shi da rana da wata da sunan kowane makaɗi. Akwatin ƙarfen ce ta yi mana ciwo. Ban da Shata, akwai kaset-kaset na makaɗan da Baba ya ɗauka da kansa a bukukuwa da wuraren gayya a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, mutanen da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba. Wataƙila kwafin da ke cikin akwatin nan shi kaɗai ne a duniya.

Ku dubi abin da ya faru da Mamman Sani na Nijar. A 1978 ya ɗauki kaset na kiɗan ogan a Yamai, kwafi kaɗan aka yi. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, amma kaset ɗin ya ɓace daga hannun jama'a. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Haka rok ɗin da samarin Nijeriya suka yi a shekarun 1970, irin su BLO da Ofege, 'yan Ofege ɗin su ma 'yan sakandare ne a Legas lokacin da suka yi faifansu na fari. Sai da kamfanonin waje irin su Soundway na Ingila suka tattaro irin waɗannan waƙoƙi suka sake bugawa, kamar yadda suka yi a 2008, sannan da yawanmu muka san an yi su. Ba mu zargin waɗanda suka zo suka tono. Abin tambaya shi ne, da ba a sami ko kwafi ɗaya da wani ya adana ba, me za su tono?

A nan gida ma akwai abin koyi. Littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 bai samu ba sai da aka bi tsofaffi gari-gari, aka nemo tsofaffin waƙoƙi, aka tambayi waɗanda suka ga abin da idonsu. Yau da yawa daga irin waɗannan tsofaffi sun tafi. Ga kuma halin tsaron da yankinmu ke ciki, wanda ya raba mutanen ƙauyuka da dama da gidajensu. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar akwatin kaset ko tsohon littafin rubutu. Abin da ba a juye ba yanzu, da wuya a same shi gobe.

Kada mu ɗauka rubutunmu na waya ya tsira daga wannan. Labarin da ke yawo a WhatsApp babu kwanan wata, babu cikakken sunan mai shi, an yanke kansa an liƙa sunan wani, ya fi kaset saurin ɓata. Waya ɗaya ta faɗa ruwa, shekara uku na aiki sun tafi. Wanda zai zo nan da shekara talatin yana son sanin yadda rubutun Hausa na wannan zamani ya faro, a ina zai samu farkon?

ABIN DA MUKE ROƘO

Kada ku goge aikinku na fari. Ku sa masa kwanan wata da sunan garin da kuka rubuta shi, ku ajiye a wuri biyu, ɗaya a imel, ɗaya a takarda. Kuɗin buga shafi hamsin bai kai ciwon rasa su ba. In kunya ce, ku sa a ambulan ku liƙe, ku rubuta a bayansa kada a buɗe sai bayan shekara biyar.

Duk marubucin da kuke ƙauna, ku nemi abin da ya fara fitarwa ku karanta kafin ku sake komawa ga wanda ya yi masa suna. Ku rubuta wa kanku shafi ɗaya a kan bambancin da kuka gani.

Ku shiga ɗakunan iyaye da kakanni. Idan akwai kaset, kada a bari yara su yi wasa da zarensa. Rikoda mai aiki da 'yar igiyar sauti da kwamfuta sun isa a juye shi, in babu kwamfuta ko waya aka kara a ɗaki marar hayaniya ta fi babu. A rubuta wanda ya yi waƙar, da inda aka ɗauka, da shekarar in an tuna. 'Yan'uwanmu ɗalibai da ke Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga fili nan a ƙofar gida.

Ga 'yar'uwarmu mai babi goma sha bakwai kuwa, ki bincika ko akwai ƙawar da kika taɓa tura wa, ko wata tsohuwar waya da ke cikin durowa. In kin samu ko babi ɗaya ne, ki riƙe shi da kyau. In ba ki samu ba, ki zauna ki rubuta abin da kike tunawa na labarin a shafi biyu, ki sa kwanan wata, ki adana.

Aikin wannan mako: kowa ya nemo rubutunsa mafi tsufa da ya rage a hannunsa, ya karanta shi har ƙarshe ba tare da ya gyara ko wasali ɗaya ba, sannan ya fitar da jimla guda da har yanzu yake ganin ta yi. Za ku yi mamaki, da wuya a rasa ɗaya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.